Yadda Ake Neman Tsofaffin Kaya da Na'urar Gano Ƙarfe Ranar Taron Dangi a Legas

Washegarin Babbar Sallah, bayan an gama suya an raba nama, gida yakan cika da mutane amma aiki ya ƙare. 'Yan uwa daga Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago sun hallara a gidan gado na Agege ko Ikorodu, tsofaffi suna kan tabarma, yara na neman abin taɓawa. Babu ranar da ta fi wannan dacewa da binciken ƙasar gida da na'urar gano ƙarfe, domin a ranar ne waɗanda suka san inda komai yake a dā suke zaune wuri guda da masu ƙarfin haƙa. Na'ura ƙara kawai take yi. Tsoho ne zai ce muku wurin nan murhu ne, can kuma rumfar goro.

Ku fara da tsofaffi

Tun kafin Sallah da mako guda, a sami babban gida a nemi izininsa, a kuma yi maganar abin da za a tsinta kafin a tsince shi. Gidan gado na magada ne duka, abin da ke ƙasarsa ma haka. In gidan haya ne, sai da yardar mai gida. In fili ne a bayan gari kamar Epe ko Badagry, a sanar da masu ƙasa da baale, wato mai unguwar yankin, domin a Legas ganin baƙo da shebur a fili yana tayar da rigima nan take.

Ranar taron, a ɗauki takarda da biro a zauna gaban tsofaffi. Kada a ce "ku ba mu labarin dā", zancen zai watse. A yi tambaya mai kai: "Hajiya, a ina kuke shanya?" "Baba, ƙofar gidan nan take tun asali, ko an mayar da ita?" "Gwaggo, wace bishiya ce kuke zama ƙarƙashinta?" Kuɗi da 'yan kunne suna faɗuwa ne inda ake zama, inda ake ciniki, da inda ake tuɓe kaya: bakin rijiya, ƙarƙashin igiyar shanya, ƙofar zaure, gindin mangwaro, wurin da mai koko ko mai waina take ajiye teburinta. A zana gidan a takardar, a sa alama a kowane wuri. Inda tsofaffi biyu suka yi saɓani, a sa alama biyu.

Akwai tambaya ɗaya da ta fi sauran muhimmanci a Legas: an taɓa yi wa gidan ciko? Unguwanni da yawa an ɗaga su da yashi ko jar ƙasa saboda ambaliya. In cikon ya kai rabin mita, tsohuwar ƙasar ta fi ƙarfin na'urar gida, wadda ba ta cika jin kwabo fiye da zurfin santimita 20 zuwa 25 ba. Daɓen siminti mai rodi kuwa a bar shi kawai. A nemi gefen katanga, bayan ɗakuna da lambu, inda ƙasar asali take a buɗe.

Kayan aiki

Sandar da masu gadi ke shafa wa mutane a ƙofar masallaci ko banki ba ta wannan aikin. Ana buƙatar na'ura mai doguwar sanda, da faifai a ƙasa, da allo mai nuna lamba a sama. Don tsakar gida da gona, ƙananan na'urori irin Garrett ACE ko Nokta Simplex sun wadatar. Don jiƙaƙƙen yashin bakin teku kuwa, gishiri yana ruɗa na'ura mai zango ɗaya ta yi ta kuka babu komai, sai mai aika zango da yawa lokaci guda, kamar Minelab Vanquish ko Equinox. Ku guji wadda ake tallata wa da cewa tana hango zinariya daga nesa da eriya. Asarar kuɗi ce. Kafin a biya, a gwada a gaban mai shago da ƙusa, marfin kwalba da tsabar kuɗi, a ga ko lambar kowanne ta bambanta.

Sauran kayan: cokalin magini, ƙaramin shebur, rariya, buhun shimfiɗa, safar hannu mai kauri, igiya da turaku, sabon batir da na ajiya, da roba biyu, ɗaya ta shara ɗaya ta abin kirki.

Saita na'ura

A binne gwaji da farko. A wuri mai tsabta a haƙa ramuka huɗu zurfin santimita 10, tazarar taku guda tsakaninsu, a sa ƙusa, marfin kwalba, tsohon kwabo da zoben azurfa. Kowa ya wuce da faifai a kansu ya ji muryar kowanne. A na'urori masu lamba 0 zuwa 99, baƙin ƙarfe yana ƙasa, takardar alminiyom da ƙananan kayan zinariya suna biye da shi, jan ƙarfe da azurfa suna can sama.

Sannan a daidaita na'urar da ƙasar wurin. Jar ƙasar Agege da Ikorodu tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda na'ura ke ji kamar an binne wani abu. A nemi wurin da babu ƙara, a danna maɓallin daidaita ƙasa, a riƙa ɗaga faifai kamar tafin hannu ɗaya ana saukewa har sautin ya lafa. In na'urar mai daidaita kanta ce, an huta. Ƙarfin ji kuma kada a kai shi ƙarshe. A fara daga kashi biyu cikin uku, in tana surutu a rage. In surutun bai daina ba, a duba kusa: janareta, taransifoma, wayar wuta a sama, ko wayar hannu a aljihun mai riƙe da ita. A kashe janareta na awa ɗaya, a ba wani ajiyar wayar.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne toshe lambobin shara da yawa, wato hana na'ura yin ƙara a kansu, don a huta da haƙa. Tsohon anini da kwabo mai huji galibinsu haɗin jan ƙarfe da nikel ne, lambarsu tana faɗawa tsakiya, kusa da ta mabuɗin gwangwanin lemo. Ɗan kunnen zinariya ma yana zuwa da muryar takardar alminiyom. Wanda ya toshe tsakiya ya toshe su duka. A toshe baƙin ƙarfe kaɗai, shi ma in ƙusoshin kwano sun yi yawa.

Yadda ake shara da haƙa

A kafa turaku a ja igiya, a yanka wurin layi-layi, faɗin mita ɗaya kowanne. Mai na'ura ya bi layi a hankali, faifai a kwance, tazarar yatsa biyu tsakaninsa da ƙasa, yana kai shi dama da hagu kamar mai share tsakar gida da tsintsiya, kowace shara tana hawa rabin ta baya. Kada faifan ya ɗaga a ƙarshen kowane lilo, nan ake asarar zurfi. Takalmi mai ƙarfe a baki, da shebur a hannun yaron da ke biye kusa, duk suna sa ƙarar ƙarya.

In an ji ƙara, a ratsa wurin daga gabas zuwa yamma, a juya a ratsa daga kudu zuwa arewa. Sautin da ya tsaya iri ɗaya ta kowane ɓangare shi ne abin haƙa. Wanda yake yankewa, ko lambarsa take tsalle, galibi tsatsattsen ƙarfe ne ko marfin kwalba. A yanka ƙasa da'ira mai faɗin tafin hannu biyu a kewaye da wurin, ba a kansa ba, domin bakin shebur ɗaya ya isa ya ɓata kwabon da ya shekara ɗari lafiya. A zuba ƙasar kan buhu, a wuce da faifai kan ramin da kan buhun don a san inda abin yake, sannan a tankaɗe da rariya. Mai ɗibar ƙasa da hannu ya cire zobe da agogo. Bayan an ciro abu a sake gwada ramin, sau da yawa kuɗi ba ya faɗuwa shi kaɗai. A mayar da ƙasa a taka.

Aikin ya ishi kowa. Babba ɗaya a na'ura, matasa biyu a haƙa, yara a rariya da safar hannu saboda fasassun kwalabe, wata kuma ta riƙe takarda tana rubuta wuri da zurfi. Duk abin da ya fito a kai shi tabarmar tsofaffi kafin a wanke, a kunna rikodin waya. Makullin akwati ko ƙarfen awo na sikeli yakan fito da sunan wani kaka da yaran ba su taɓa ji ba.

Inda ba a haƙa

A san inda bututun ruwa, wayar janareta da ramin sokawe suke. Sauti mai ƙarfi da ya miƙe dogon layi bututu ne ko waya, a bar shi. Unguwannin da bututun mai ya ratsa, kamar Abule Egba da Ijegun, ba a kusantar layinsa ko kaɗan. Gobarar Ijegun ta 2008 motar aikin hanya ce ta fasa bututu. A kewayen Ikeja da Oshodi kuma, fashewar ma'ajiyar makaman barikin soja ranar 27 ga Janairu 2002 ta watsa bama-bamai cikin unguwanni. In ƙarfe mai siffar harsashi ko dogon gwangwani mai nauyi ya bayyana, kada a taɓa, kada a ƙwanƙwasa. A janye kowa a kira lambar gaggawa 112 ko 767. Maƙabarta, wurin bautar gargajiya da wuraren tarihi na Badagry ba wurin wannan aiki ba ne.

In dangi sun zaɓi fita bakin teku, a nemi izinin masu kula da wurin, a je lokacin da ruwa ya janye, wanda ke faruwa sau biyu cikin awa 24. Igiyar ruwan Legas tana ja da ƙarfi, yara su tsaya a busasshen yashi. A wanke faifai da sanda da ruwan famfo bayan an dawo.

Gane abin da aka samu

Kuɗin Turawa na Afirka ta Yamma masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, wato anini, ɗari da kwabo, sun fara fitowa daga 1907 (ɗari kuma daga 1911), kuma akwai rubutun Larabci a jikinsu. Taro, sisi, sule da fataka na azurfa sun zo a 1913, daga 1920 aka koma buga su da tagulla mai ruwan ɗorawa. Kuɗin Tarayyar Nijeriya na 1959 ne, naira da kwabo kuma 1973. Wuri, wato farin kuɗin dā na ƙwanson teku, ba ƙarfe ba ne, na'ura ba ta jin sa, sai dai rariya ta kama shi, don haka masu tankaɗe su buɗe ido.

Wanki da ruwa da tsohon buroshin haƙori mai laushi kawai. Lemon tsami, toka, yashi da soson ƙarfe suna cinye rubutu, kuma koren da ya kwanta sumul a jikin tagulla kariya ce gare ta. Abin da ya fito daga yashin teku a jiƙa shi cikin ruwa mai tsabta, ana canzawa kullum har mako guda don gishiri ya fita, a shanya ya bushe sarai, a sa kowanne a ambulan ɗinsa da rubutun wurin da aka same shi.

Sabon zobe ko sarƙa da aka samu a wajen gida tsintuwa ce, shari'a ta ce a yi cigiyarta shekara guda. Binnanniyar dukiya mai yawa tana da nata hukuncin, a kai wa malami. Akwai kuma dokar ƙasa: dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa don neman kayan tarihi ba da izininta ba, ta hana cinikinsu da fitar da su waje ba da lasisi ba, kuma aikin hannun gargajiya da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta kare. In shebur ya ci karo da mutum-mutumin tagulla, tsohuwar tukunya a binne ko tarin mundaye, a dakata da haƙa, a ɗauki hoto yadda abin yake kwance, a rufe da buhu, a kai rahoto Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan cikin kwana bakwai.