Yadda za ka yi tafiyar mota da kwanan daji daga Alice Springs zuwa Darwin

1. Ka tafi tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin rani a arewacin Ostareliya. Da damina ambaliya kan datse hanyoyi.

2. Tafiyar kusan kilomita 1,500 ce a kan titin Stuart. Duk gidan man da ka gani, cika tanki, ko da saura rabi. Ka ɗauki jarkokin ruwa da safayar taya.

3. Ka yada zango kafin magariba, lokacin ne kangaru (wata dabbar daji mai tsalle) da shanu ke fitowa titi.

4. In mota ta lalace, kada ka bar wurinta. Ta fi mutum sauƙin hangowa.

5. Tun kafin ka kai garin Katherine har zuwa Darwin, ka kafa tanti aƙalla mita 50 daga bakin ruwa. Kadojin can har teku suke shiga, wanka sai inda allo ya ce a yi.