Yadda malamin jami'a zai koyar da waya da kwamfuta ba tare da tarbiyya ta zube ba

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ya ji ana cewa an ba mutum digiri ne don ya cancanta a hali da ilimi. Halin ake fara ambata. To yanzu da waya ta shiga aljihun kowa, ga yadda malami zai ci moriyarta.

Da farko ka san abin da ke hannun ɗalibanka. Ranar farko ka tambaya: wa ke da kwamfuta, wa ke da babbar waya, wa ke aron ta abokin ɗakinsa? Mai kwana a Samaru daban, mai hawo bas kullum daga Tudun Wada ko cikin Birni daban, ga kuɗin data, ga wuta sai ta ga dama. Don haka takardun darasi su zama marasa nauyi, bidiyo kuma kada ya wuce minti goma.

Sai ka tsayar da wuri ɗaya na miƙa aiki, kamar manhajar Google Classroom ko Moodle. Suna rubuta rana da sa'ar da kowa ya miƙa, ka ga an huta da "Wallahi Malam na ba shugaban aji." WhatsApp na sanarwa ne kawai. Ba saƙo bayan sallar isha'i, ba maganar maki ta bayan fage, kuma kai ma dokar ta hau kanka.

Na ukun ne mai wuya, wato kwafe. Na taɓa ba wani aji aikin gida, takardu bakwai suka dawo mini da magana iri ɗaya, har da kuskuren harafi ɗaya a layi na uku. Turnitin, manhajar gano kwafe, tana kama abin da aka kwaso daga intanet, amma ba ruwanta da wanda ya biya wani ya rubuta masa. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce tambayar da amsarta ke bakin mutane. Ka tura su kasuwar Sabon Gari su tambayi 'yan kasuwa uku yadda suke riƙe lissafin bashi, su naɗi muryarsu da waya bayan sun nemi izini. Neman izinin ma darasi ne. Kowane mako ka kira mutum biyar ba shiri: "Me ya sa kika ce haka a shafi na biyu?" Wadda ta rubuta da kanta, bakinta ba ya rawa.

ChatGPT kuwa, wato manhajar nan da ke rubuta wa mutum amsa idan ya tambaye ta, hana shi ɓata baki ne. Ka ce duk wanda ya taɓa shi ya rubuta a ƙarshen takarda abin da ya tambaya da abin da ya gyara, sannan ya nemo tushen maganar a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim.

Idan ka kama ɗalibi da kwafe karon farko, ka kira shi ofis, ƙofa a buɗe, ka ajiye takardarsa da wadda ya kwafa a gabansa, ka ba shi mako guda ya sake. Karo na biyu sai kwamitin ladabtarwa, ko da ɗan aminin babanka ne.