Kafin ku dangwala reshe a hodar fitar da saiwa

Salama alaikum 'yan uwa masu lambu. Hodar nan ta fitar da saiwa, wadda galibi sinadarin IBA ne a cikinta, tana taimaka wa reshen gwaiba, rumman da inabi sosai, in an bi ta yadda ya kamata.

A yanko reshe tsawon taƙi ɗaya da sassafe, da wuƙa mai tsabta, daf da ƙasan gaɓa, don nan saiwa ke tsirowa. A tsige ganyen ƙasa, a bar biyu a sama. Don Allah kada a tsoma reshen cikin kwalbar. A zuba kaɗan a marfi, abin da ya rage a marfin a zubar, kar cuta ta ɓata sauran. A jiƙa gindin, a dangwala, a kakkaɓe. In hodar ta yi yawa gindin yakan baƙe ya ruɓe, ni kaina na yi asarar rassa haka. Nau'in maganin mai kauri kamar man kitso kuwa yana mannewa ba sai an jiƙa ba.

Abin da aka fi mantawa: a fara huda rami da tsinke a yashi mai laima, in ba haka ba yashin zai goge maganin. A lulluɓe da farar leda, a ajiye a inuwa.

Zogale da rogo kam, kada ku kashe musu kuɗi, da kansu suke kamawa.