Kwamfuta ta ƙi ganin suwic: kurakuran da masu koyon aikin rezo ke ta maimaitawa

Jama'a na gaji wallahi. Duk yaron da ya zo koyon aiki, ko daga lakwal ya hito da takardarshi ko a sibar ya koya, da an ce mishi kwamfuta ta ƙi hawa rezo, wato haɗin kwamfutoci da juna, abu guda yake yi, ya ja kujera ya zauna ya kama danne-danne cikin Windows. Shi suwic ɗin, akwatin da kabul na kwamfutocin duka ke haɗuwa a ciki, yana can bisa kanta ko bayan armuwar ƙura ta rufe shi, ba wanda ya leƙa. To ga abin da nake ta faɗa ma yarana har bakina ya gaji, mai ɗauka ya ɗauka.

Tashi tsaye ka dubi fitila tukuna. Kowane rami na suwic yana da ƴar fitilarshi, yawancin kwamfutoci ma suna da ita a baya inda kabul ke shiga. In fitilar nan ba ta kama ba to ka manta da maganar adireshin IP, ka manta da birus, ka bar kiran masu intanet kana musu faɗa, injinan biyu ne ko gaisawa ba su yi ba. Windows ma tana faɗa maka da bakinta, in ta Faransanci ce kamar yawancin namu na nan Damagaram za ka ga ta rubuta "Câble réseau non connecté". Matsalar ba ta wuce wuri huɗu: kabul, konektar (kan kabul da ke shiga rami), ramin suwic, ko katin rezo na kwamfutar.

Amma ina, sai formataj, wato a goge komai a zuba sabuwar Windows. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai cikin sana'ar nan duka. Akwai wani biro cikin Sabon Gari da nake kula musu da injina, suka kira ni ina can wajen wani aiki a Mirya, sai na tura yaro. Injin madam mai riƙe lissafi ne ya daina ganin rezo. Yaron nan ya sake pilot, wato ƴar lojisiyel ɗin da ke tuƙa katin rezo, ya yi ta kashewa da kunnawa, da ya ga abin ya ƙi sai ya zaro kile USB ɗinshi ya zuba sabuwar Windows, bai tambayi kowa ba, bai kwafe komai ba, wai shi a ganinshi sistem ne ya lalace. Windows ta gama hawa, rezo dai shiru. Da na iso na duƙa ƙarƙashin tebur, ɗan harshen robar nan na konektar ne ya karye, mai shara ya taɓa kabul da tsintsiya ya ɗan zame waje, ido ba ya gani sai ka tura da yatsa. Abin da sabon konektar guda zai gyara! Takardun lissafin mutane suka tafi, na yi ta kwana ina ƙoƙarin tono su, wasu suka dawo wasu sun tafi ke nan, kuɗin aikina ban iya buɗe baki na tambaya ba, kuma daga ranar ba su ƙara kirana ba. Na ce ma yaron me ya sa, ya ce "maigida ai na ga duk abin da na gwada ya ƙi". Kai ɗana, babur ya ƙare da esans ka je ka sauke inji? Tun daga nan na kafa doka a shagona, ba yaron da ke fita da kile na formataj in aikin rezo aka kira mu.

Ni abin da nake yi, kullum akwai guntun kabul na kamfani cikin jakata wanda na san lafiyarshi lau, ba na ba kowa aro. In ɗauki portabul in je gindin suwic in haɗa da shi. In fitila ta kama, suwic lafiya. Sai in maida kabul ɗin mutane cikin wani rami daban, sannan in gwada shi da wata kwamfuta. Abu ɗai-ɗai ake canzawa, in ka canza kabul da rami da kwamfuta lokaci guda abin ya tashi, ba ka san wanda ya mutu ba, gobe za ka sake ɗaukar mataccen ka kai ma wani.

Kuskure na biyu, kuma shi ma ya ci min kuɗi, shi ne jera launin wayoyi cikin konektar yadda aka ga dama. Akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu matse konektar, wai ba ruwanka da tsarin launi, in dai yadda ka jera nan haka ka jera can shi ke nan. Ƙarya ce, kuma wanda ya fara koya ma yara ita Allah ya shirye shi. Kabul na rezo wayoyi 8 ne, an murɗe su biyu-biyu, kuma murɗin nan ba ado ba ne, shi ke kashe hayaniyar da ke shiga sigina. Kati yana aiki da fil na 1 da 2 a matsayin tagwaye guda, sai 3 da 6 tagwaye guda, ka ji, 3 da 6, ba 3 da 4 ba. Wanda ya jera su bi da bi, lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, to ya raba tagwaye, fil na 3 ya hau kore na 6 ya hau shuɗi. Abin haushin shi ne ɗan testar ɗin nan mai fitilu 8 da kowa ke saye zai nuna maka 1 zuwa 8 lafiya lau, don shi abin da ya sani kawai waya ta kai ko ba ta kai ba. A mita 2 ko 3 ma sau da yawa zai yi aiki, ka tafi gida kana murna. Ja shi mita 40 cikin gulot, robar da ke rufe waya a jikin bango, ka gani, fitila ta kama ta ɗauke, ko ta kama amma fayil ya ƙi wucewa, firinta ta ɓace ta dawo. A wata makaranta mai zaman kanta na ba wasu yara kwangilar jan waya na dawo na gwada da testar komai daidai, aka biya, bayan nan kira ya fara ba dare ba rana. Na canza suwic da kuɗin aljihuna a banza, sai da na ɗaga konektar guda na haska shi da tocilar salula na ga jerin da suka yi. Ɗaki-ɗaki muka bi muka yanke kawunan duka muka sake matsewa, kyauta.

Tsarin da nake bi shi ne T568B, kai biyun duka. Ka riƙe konektar harshen yana kallon ƙasa, bakin da kabul ke shiga yana wajenka, daga hagu: fari mai lemo, lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. T568A ma daidai ne, kore da lemo ne suka yi musayar wuri, amma ni ba na son gauraya su cikin gini guda. Kar ka warware murɗin ya wuce milimita 13, kuma rigar kabul ta shiga cikin konektar pens ya danne ta, ba ka bar wayoyi tsirara suna lilo ba. Maganar kabul kurwaze, mai tsarin A a kai guda B a ɗayan, kuma ku huta, injinan yanzu kusan duka suna juya kansu da kansu.

Wani abu da yara ba sa lura, gudun mega 100 wayoyi huɗu kawai yake ci, 1, 2, 3 da 6, shi kuwa giga sai takwas ɗin duka. Don haka in suwic da kwamfuta duk na giga ne amma ka ga gudun ya tsaya a 100, kar ka tsaya zargin Windows, yawanci shuɗi ko ruwan ƙasa ne wani bai matsu ba.

Kabul mai araha kuma ku yi hattara. Akwai wanda aluminiyom ne aka shafa mishi jan ƙarfe, CCA ake rubutawa in mai kamfanin yana da kunya. Kankare wayar da wuƙa, in ka ga fari ya hito ka san abin da ka saya. Yana karyewa cikin konektar, kuma a dogon zango ba ya kai labari. Ko mai kyan ma iyakarshi mita 100.

To in fitila ta kama fa amma ba rezo? Yanzu ne ka samu izinin zama kan kujera. Buɗe cmd, baƙar tagar nan ta rubuta umarni, ka rubuta ipconfig. In ka ga adireshi ya fara da 169.254, kwamfutar ce ta ba kanta don ba ta samu mai raba adireshi ba, ka bi kabul ɗin da ya haɗa suwic da rutar, wato injin da ke raba adireshi, galibi shi ne aka zare, ko an zare wutar rutar don a caja wani abu, ko rutar ɗin bai dawo ba bayan ɗaukewar kuran. In kuma ka ga wani adireshi da bai yi kama da na sauran injinan ba, wani ne ya taɓa sa shi da hannu a wani biro, buɗe ncpa.cpl, wajen saitin katin rezo, ka maida shi otomatik. A nan ma za ka gani in kashe katin aka yi. Kuma don Allah in ka yi ping wata kwamfuta, wato ka aika mata ɗan saƙon gwaji, ta ƙi amsawa kar ka ce ta mutu, Windows tana toshe ping da kanta in ba a buɗe ba, rutar za ka yi ma ping.

In kuwa biro gaba ɗaya ya tsaya cak kuma fitilun suwic duka suna ƙyaftawa tare kamar sun haukace, nemi kabul ɗin da kai biyun duk suna cikin suwic guda. Wani mai son gyara ne ya ga kai yana lilo ya cusa shi rami. Ƙananan suwic ɗin da muke sakawa ba su da dabarar kare kansu daga wannan, saƙo ya yi ta zagaye har ya shaƙe kowa. Zare ɗai-ɗai har su lafa. Shi ya sa nake manna siko in rubuta lamba a kai biyun kowane kabul, ana min dariya ina yi.

Sauran ƙanana ne. Manyan suwic irin na Cisco suna iya ɗaukar kamar daƙiƙa 30 fitila na ruwan lemo kafin ta koma kore, ka yi haƙuri ka daina zarewa kana maidawa, kuma irinsu ana iya kashe rami daga ciki ko a sa shi wani VLAN, wato wani rukunin rezo daban, tambayi mai kula da shi. Sharjar suwic ta mutu kar ka ɗauko kowace ka cusa don bakin ya shiga, karanta bolt ɗin da ke rubuce. Kabul da ya hito daga ƴar buwat ɗin PoE ta antenar kan rufi, wadda ke tura wuta ta cikin kabul na rezo, ramin da ke ba da wuta na antena ne, kar ka kai shi kwamfuta. Lokacin hunturu hura ramukan da ba a aiki da su, ƙurar garin nan ba ta da wasa, kuma watan Afrilu da Mayu kar a kulle suwic cikin armuwar ƙarfe ba iska. Ɓera na cin kabul cikin silin, ƙofa na datse shi. Wanda aka ja a sararin sama daga gini zuwa gini kuma, in hadari ya haɗo da damina ni zare shi nake sa a yi, don rami ɗaya da tsawa ta ƙona wani lokaci da katin kwamfutar yake tafiya, sai dai ka sa mata adaftar USB ta ci gaba da aiki.