Yadda Ake Rina Kayan Ado na Ƙarfe da Foyil Mai Tudu da Tawadar Sifirit

Tawadar sifirit rini ce da aka narkar a cikin sifirit, shi ya sa take kama abin da tawadar ruwa ba ta iya kamawa: ƙarfe, gilashi, roba da takarda mai sheƙi. Sifirit ɗin yakan tashi cikin daƙiƙu kaɗan, ya bar launi siriri wanda ƙyallin ƙarfen ke leƙowa ta cikinsa. Tunda ƙarfe ba ya shan tawada, duk abin da ka sa a samansa yake zaune, ɗigon sifirit guda kuma ya isa ya sake narkar da shi. Da haka ake gyara kuskure, da haka kuma aiki yake lalacewa idan an yi garaje.

Tanadi launi biyu ko uku na tawadar. Kamfanoni irin su Ranger da Jacquard, mai yin tawadar Piñata, suna sayar da ita a ƙananan kwalabe masu tsinin baki. Sai sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 91 ko 99 cikin ɗari. Na kashi 70 ruwa ya yi masa yawa, yakan bar dabbare-dabbare. Ka haɗa da guntun ƙyallen felt (ƙyalle mai kauri da taushi, wanda matse shi aka yi, ba saƙawa ba), tsinken auduga, matsefata, sanfefa mai laushi, safar hannu, da abin shimfiɗa wanda ba ya shan ruwa. Buɗe taga, ka nisanci wuta, don sifirit saurin kamawa gare shi.

Da farko goge ƙarfen. Ƙananan makullai na ado, ganyayyaki, kusurwoyin littafi da ƙusoshin takarda (masu ƙafa biyu da ake maƙala takardu da su) sukan zo da maiƙo daga masana'anta, yatsunka ma suna ƙara musu. Jiƙa auduga da sifirit ka goge, daga nan matsefata ce hannunka.

Ɗiga tawada biyu ko uku a kan felt, kowane launi a gefensa, ka riƙa dangwalawa a kan ƙarfen. Dangwalawa, ba shafawa ba, domin shafawa tana kwashe abin da ka riga ka sa. Bari ya bushe, sannan ka ƙara idan kana son ya yi duhu. Abin da yake da lunguna, kamar fure mai sassaƙa, ɗiga masa kai tsaye, ka karkata shi tawadar ta gangara da kanta. Ƙusoshin takarda kuwa a tsire su a jikin soso, a bi kawunansu ɗaya bayan ɗaya.

Launin ƙarfen yana shiga cikin lissafi, tunda tawadar ba ta rufe abin da ke ƙasanta. A kan farin ƙarfe shuɗi yakan fito shuɗi sosai, amma a kan tagulla mai ruwan zinariya sai ya karkata zuwa kore. A kan baƙin ƙarfe da kyar za a ga komai. Haka nan ja da kore, ko shunayya da rawaya, in suka cakuɗe tun suna jiƙe, ruwan ƙasa suke bayarwa. Ni dai na fi son launukan da ke maƙwabtaka, irin shuɗi da kore, ko ja da ruwan goro.

Foyil shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Na alminiyam ɗin nan siriri ne, in ka sa shi haka a marfin fitar da zane, wato marfin roba mai fuska biyu da ke matse zane mai tudu a kan abin da aka sa a tsakiyarsa, yagewa zai yi, ko tudun ya baje da zarar ka taɓa. Manna shi tukuna a kan takarda mai kauri da gam siriri, ka lallashe shi da yatsa daga tsakiya zuwa gefe, ka naɗe bakinsa ta baya, ka jira gam ya bushe sarai. Akwai kuma tef na alminiyam mai gam a jikinsa, ya fi kauri, ya fi sauƙin aiki. Ko wanne ka zaɓa, sa shi a marfin, ka bi da shi ta injin matsewa irin Sizzix Big Shot. In babu inji, ɗora foyil ɗin a kan abu mai taushi, ka zana ta baya da biron da tawadarsa ta ƙare.

Yanzu sai rini. Ɗiga tawada a wuri biyu ko uku, ka bi da ɗigon sifirit, ka karkata takardar. Za ka ga launin yana bin kwaruruwan zanen, yana taruwa a gindin kowane tudu, yana barin bakin layi mai duhu inda ya tsaya ya bushe. Wannan layin shi ne ke ba aikin kyau, kada ka goge shi. Inda ya yi yawa, taɓa shi da tsinken auduga mai ɗan sifirit, zai buɗe ya yi haske. Idan ya bushe, ɗauki sanfefa ka shafi saman tudun kaɗan-kaɗan, hannu sakwa-sakwa, har farin alminiyam ya fito. Nan take zanen zai tashi, launi a ƙasa, azurfa a sama. Mai son kamannin tsohon ƙarfe sai ya fara shafa baƙin fenti na akrilik, ya goge saman tun yana jiƙe, ya bar na cikin kwari ya bushe, sannan ya sa tawada.

Saura kariya. Rinin yana kankarewa da gogayya, rana kuma tana kashe shi a hankali. Fanish mai sifirit a ciki zai narkar da aikin gaba ɗaya, don haka gwada shi a kan guntun foyil kafin ka kusanci na gaske. Masu wannan sana'a da yawa suna amfani da wani fanish mai suna "Kamar Varnish" na kamfanin Krylon, feshi siriri daga ɗan nesa, sau biyu ko uku, ana jira tsakani. Wajen mannawa a kan kati, sa gam mai ƙarfi ta baya kaɗai, ka danna da ƙyalle mai tsabta.