Kurakuran da ake yi wajen sayen na'urar zinare mai tace baƙin ƙarfe

Duk wanda ya yi yini a dajin Abu Hamad ko Abidiya, wuraren haƙar zinare a Sudan, yana sara da diga cikin rana, ya tono ƙusa da gwangwanin kifi, ya san dalilin da ya sa matasanmu na Maiurno da Gadarif da Kasala ke tambayar mai shago abu ɗaya: jihaz ɗin nan, wato na'urar gano zinare, yana tace ƙarfe, ya yi shiru a kan baƙin ƙarfe ya yi ƙara a kan zinare? Tambayar tana kan hanya, amma daga nan asarar take farawa.

Babban kuskure shi ne ɗaukar cewa na'ura tana ganin abin da ke ƙasa. Ba ta gani, kintace take yi daga yadda ƙarfen ya mayar da siginar da faifanta, wato zagayen da ake shawagi da shi a kan ƙasa, ya aika. Ƙaramin zinare kuwa amsarsa rarrauna ce, tana faɗuwa dab da ta baƙin ƙarfe. Idan ƙasar ja ce mai tama, ko akwai baƙin yashi a kwarin, sai ta ƙara jan amsar zuwa ɓangaren ƙarfe, musamman in abin yana da zurfi. Mutum ya murɗa tacewa har ƙarshe don ya huta da tono, na'urar ta yi shiru a kan ƙusa, ta kuma yi shiru a kan zinare. Wannan ya fi komai damuna, domin mai shi ba zai taɓa sanin abin da ya taka ya wuce ba. Gyaran shi ne a bar tacewa a ƙasa-ƙasa, a sabon wuri ma a kashe ta. In ƙarar ta zo da shakka, a kankare ƙasa kaɗan a sake gwadawa, domin kintacen yana ƙara inganta in faifai ya matso kusa.

Sai rashin bambance na'urori iri biyu. Masu aiki da VLF, wato masu aika sigina ba yankewa, kamar Gold Monster 1000 na Minelab mai kilohaz 45, su ne ke iya ware ƙarfe sosai, suna kama ƙananan ƙwayoyi, amma ba sa nisa cikin ƙasa mai tama. Masu harba siginar bugu-bugu, wato PI, irin GPX 4500 da GPX 5000, sun fi zurfi, sun fi jure jar ƙasa, sai dai tacewarsu kaɗan ce: tana aiki ne da faifan Double-D kawai, mai naɗin waya biyu a ciki, kuma a kan abin da ke kusa da sama. Wanda ya ɗaura faifan Mono, mai naɗin waya ɗaya, ya kunna tacewa bai yi komai ba. GPZ 7000, duk tsadarta, ba ta da tacewar ƙarfe sam. Saboda haka kafin ka ƙirga kuɗi, ɗan'uwa, ka san inda za ka. Tsohon sansanin da mahaƙa suka cika da waya da gwangwani yana son VLF da ƙaramin faifai. Daji mai tsabta da zinare mai zurfi na PI ne.

Maganar ƙaramin faifai ba wasa ba ce. Babba yana haɗa ƙusa da zinaren da ke gefenta a lokaci guda, ƙusar ta danne shi. A wurin shara a rage faifai, a rage saurin lilo da shi.

Wasu kuma suna zargin tacewa alhali ƙasa ce ba su daidaita ba. In ba a daidaita na'ura da ƙasar wurin ba, duwatsu masu tama za su yi ta sa ta kuka. A sake daidaitawa duk lokacin da launin ƙasa ya sauya.

Kada a yarda da gwajin shago, inda ake wuce zobe a iska gaban faifai. Ka zo da ƙasar wurin aikinka a buhu, da ƙusa mai tsatsa, da ƙwayar zinare ƙarama. Ka binne su ɗaya-ɗaya, sannan tare. Ka gwada murfin kwalba da faffaɗan gwangwani ma, don suna yawan yin ƙarar abu mai daraja. Jabun na'urori sun daɗe a kasuwa, don haka a tabbatar da lambar na'ura wajen dillalin da kamfani ya amince da shi. A kuma manna maganaɗisu mai ƙarfi a kan diga, yana tsince guntayen ƙarfe daga ramin tun kafin a sa hannu.