Yadda ake tsai da lokacin barin gaɓar teku kafin mahaukaciyar guguwa ta iso

Matakin farko ana ɗaukarsa ne tun kafin lokacin guguwa ya kama, wanda a tekun Atlantika yake farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Mutum ya bincika ko gidansa yana cikin yankunan da hukuma ta ware domin kwashe jama'a, kasancewar ana shata su ne bisa iyakar inda ruwan teku zai iya kaiwa. Ruwan da iska ke tunkuɗowa kan tudu yana cikin abubuwan da suka fi halaka mutane, kuma a guguwar Katrina ta 2005 tsayinsa ya haura mita 8 a gaɓar jihar Misisipi ta Amurka.

Saboda haka kada a dogara da matakin guguwar kaɗai. Ma'aunin Saffir-Simpson, mai matakai 1 zuwa 5, ƙarfin iska kawai yake aunawa. Guguwar Ike tana mataki na 2 ta afka wa gaɓar jihar Teksas a 2008, amma ruwanta ya share gidaje birjik.

Mataki na biyu na shirin, wanda a ganina nan aka fi yin kuskure, shi ne lissafin lokaci. A Amurka ana fitar da sanarwar zama cikin shiri awa 48, ta gargaɗi kuma awa 36, kafin isowar iska mai gudun kilomita 63 a awa. Daga isowar wannan iskar ake ƙirgowa baya, domin tana riga tsakiyar guguwar da sa'o'i masu yawa, kuma da zarar ta fara kaɗawa akan rufe dogayen gadoji. A ware lokacin toshe tagogi da haɗa magunguna da takardu da shan mai, sannan a ninka lokacin tafiyar da aka saba. Da guguwar Rita ta doso birnin Hustan na jihar Teksas a 2005, mutane sun kwana cikin motoci a kan babbar hanya, mai ya ƙare, zafi ya galabaitar da tsofaffi. Mai tsoho ko majinyaci a gida, da wanda gada ɗaya ce mafitarsa, su tashi tun a sanarwar farko, kuma da rana.

Idan umarnin ficewa ya fito, babu sauran shawara sai kama hanya. Ba sai an yi nisa ba. Gini mai ƙwari a kan tudu, a wajen yankin ambaliya, ya wadatar. Mazauna gidajen tafi-da-gidanka kuwa, wato waɗanda ake iya ja da mota, su fice ko da suna nesa da ruwa.

Wanda ya makara har iska ta kankama ya zauna inda yake, ya hau bene idan ruwa ya shigo, kada ya tuƙa mota cikin ambaliya, domin ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota.